Rijiyata da Fankar Attahiru

Jiya da la'asar ina zaune nan na ji ku kuna gardama, ɗayanku yana cewa haƙar rijiya ba sana'a ba ce, ƙarfin ƙirji ne kawai, duk wanda ya ci tuwo ya ƙoshi zai iya. Ban tanka ba don akwai baƙi a wurin. Yau da kuka zo gaishe ni, ku gyara zama ku ji. Kun san sunana Manu, amma ba ku san na yi shekara talatin da ɗoriya ina shiga ƙasa ina fitowa ba, tun daga ƙauyukan Gwandu har bakin fadamar Kalgo. Ruwan da iyayen wasunku suka sha suka girma, ni na fara taka shi da ƙafa kafin kowa ya kai shi baki.

Wurin kawuna na koya, Kawu Sahabi na Dodoru, ƙanen mahaifiyata. Mu biyu ya ɗauka a shekara ɗaya, ni da wani sa'ana Attahiru, ɗan maƙwabcinsa, wanda muke kira Atta. Rani biyu cur bai bar ɗayanmu ya sa ƙafa a rami ba, sai riƙon igiya. Ya koya mana maganar igiya: ja ɗaya, a ɗauke ƙasa, ja biyu, a sauko da kaya, ja uku, a fitar da mutum nan take. Ya kuma koya mana sauraro. Mai igiya ba ya hira, ba ya cin goro, kunnensa na cikin rami. Idan saran diga ya tsaya kuma igiya ba ta motsa ba, to akwai magana.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Diga mai guntuwar ƙota, don doguwa ba ta juyuwa a rami. Dagi na fasa marmara. Bokitin ƙarfe, igiya biyu, sanda guda da ake auna faɗin rami da ita a kowane taku don kada ya tsuke ko ya buɗe, da dutse ɗaure a zare wanda ke nuna maka in ka fara karkacewa. Sai fitilar ƙwai, wadda ake zura wa rami kowace safiya kafin mutum ya shiga. In ta mutu a ƙasa, iskar wurin ba ta shaƙuwa, sai a ɗaura rassa masu ganye a igiya a yi ta sama da ƙasa da su har ta gyaru. Abin da ba a saye a kasuwa shi ne sanin ƙasa. Kawu kan ɗebi ƙasar da aka fito da ita ya murza, ya sansana, wani lokaci ya ɗanɗana, ya ce saura gaba uku. Da wuya ka ga ya kuskure da fiye da kamu biyu.

A riƙon igiya Atta ya fi ni, wannan ba na musu. Amma da lokacin shiga ya yi, sai aka gane ba ya iya zurfi. Da ya wuce gaba biyar, ya ɗaga kai ya ga bakin rijiya ya koma kamar faifai, sai ya ja igiya uku a fito da shi. Kawu bai taɓa yi masa dariya ba. Ni na yi, kuma a gaban mutane. Rani na huɗu bai dawo aiki ba, muka ji ya tafi Sakkwato leburanci.

Rijiyar farko da na haƙa da sunana ita ce ta Tungar Ɗunya, wani ƙauye da ke gaba da Dodoru kaɗan. Lokacin gwiwoyin Kawu sun gaza, sai dai a kai shi bisa jaki ya zauna a inuwa yana kallo. Shi ya zaɓi wurin, taku kamar talatin daga gindin babbar ɗunyar da garin ya ci sunanta. Gaba goma sha takwas na yi. A gaba ta bakwai na tarar da marmarar da ta cinye mini dagi biyu, na yi kwana goma sha ɗaya a kanta, kullum ina fitowa da abin da bai cika bokiti shida ba. Ƙarƙashinta farar laka, ƙarƙashin laka yashi mai sanyi, sannan ruwa ya taso mini har ƙugu cikin rabin yini. Muka ɗaure ta da siminti tun daga ƙasa har baki. Ruwanta garau, ba gishiri, ba warin laka. Fulanin da ke wucewa da shanu su suka fara ce mata rijiyar Manu, sunan ya bi gari. Shekara uku ana kiranta haka.

A shekara ta huɗu, lokacin muna cikin jihar Sakkwato ba a yanke mu ba tukuna, wata babbar mota ta shigo Tungar Ɗunya da ƙarafa. Wani kamfani ne aka ba aikin kafa famfon iska a wasu ƙauyuka, suna bin rijiyoyi suna gwada ƙarfin ruwansu, tawa ta fi kowace. Ina aikin yasar wata rijiya a Gwandu aka aiko mini, na zo da murnata, ina tsammanin za a tambaye ni zurfi da irin ƙasa. Wanda na tarar tsaye a bakin rijiyata da shuɗin kakin aiki da sifana a aljihun baya, Atta ne. Ya rungume ni, ya tambayi lafiyar Kawu, ya ce tun da ya leƙa ya san hannuna ne. Shugabansu kuwa bai ko tambayi sunana ba. Igiyar awo ya zura ya rubuta abin da ya gani.

Abu na farko da suka yi shi ne sare ɗunyar. Suka ce tana tare iskar gabas. Maigari da dattawa suka yi gunaguni, amma an ce musu ruwa zai riƙa hawowa da kansa ba guga ba igiya, sai suka haƙura. Kwana biyu aka yi ana saranta. Daga nan suka rufe bakin rijiyar da siminti, suka bar 'yar ƙofa da murfin ƙarfe da kwaɗo, mabuɗin yana hannun Atta. Suka kafa ƙafafun ƙarfe huɗu suka haɗe su sama, suka ɗora wata ƙatuwar fanka a kai, da fukafukanta da wata doguwar wutsiya mai juya ta ta fuskanci iska. In ta juya, sai wani siririn ƙarfe ya riƙa hawa da sauka cikin bututu har ƙasan rijiya, ruwa ya hau ya zuba a tanki, daga tanki zuwa famfo uku da komin shanu. Ke nan duk abin da ke ciki. Na tsaya na kalla na gane shi cikin yini ɗaya.

Amma ku da kuka tashi kuna ganin dogayen ƙarafan waya ko'ina ba za ku gane yadda abin ya kasance a idon mutane ba. A ƙasarmu lokacin babu abin da ya wuce giginya tsawo, kuma giginya tsaye take. Wannan ta fi giginya, ga shi tana motsi. Da hantsi in rana ta doki fukafukan, mai tafiya a hanyar Gwandu yana hango walƙiyarsu tun garin bai bayyana ba. Manomi a gonarsa in ya ɗaga kai daga noma ita zai fara gani. Makon farko jakai suka ƙi matsowa, shanun Fulani sai da aka yi ta dukansu kafin su sa baki a komi. Mutanen gidan da ke yamma da ita suka ce da safe inuwar fukafukan na yawo a tsakar gidansu har tsohuwar gidan jiri ke ɗibarta in tana tankaɗe. Aka kuma kai ƙara wurin Maigari cewa duk wanda ya hau ƙarfen yana ganin cikin gidajen mutane har makewayi. Sai aka yanke cewa Atta zai riƙa yin shela sau uku kafin ya hau, gidajen kusa kuma suka ƙara wa darninsu zana ɗaya.

Ka ce wannan zai sa a tsane ta? Ina. Mutanen gidan da ke kukan inuwa su ne suka fi kowa yi wa baƙi kwatance da ita. Ranar kasuwa mutane kan ratse hanya don kawai su tsaya su ɗaga kai. Yara suka shiga yin tasu da kara da ƙaya. Da salla mai hoto ya zo daga Birnin Kebbi ya kafa akwatinsa a gindinta, samari suka yi layi. Direbobi suka fara cewa akwai mai sauka Fanka, kafin shekara ta zagayo ko mutanen garin in ka tambaye su daga ina, sai su ce Tungar Fanka. Rijiyar Manu kuwa ba wanda ya ƙara faɗi, don babu wanda ke ganin rijiya. Ana ganin dakalin siminti da kwaɗo.

Kamfanin ya tafi ya bar Atta yana kula da fankoki uku a yankin, aka ba shi babur. Duk wata yakan zo, ya yi shelarsa, ya hau da gwangwanin giris, jama'a a ƙasa sun yi cirko-cirko suna salati. Mutumin da gaba biyar ta ƙasa ke tsorata shi, ga shi yana tafiya bisa ƙarfe a sama kamar a tsakar ɗakinsa. In ya sauko a kawo masa fura da nono a sabuwar ƙwarya, ana ce masa Injiniya. Ni wata huɗu na yi a cikin wannan rami, ban taɓa jin an taru ana kallona ba, don babu abin kallo. In na fito, jikina duk laka, yara gudu suke yi.

Har cinikina abin ya taɓa. Wani aiki da na yi a wani ƙauye kusa da Wurogauri ba na manta shi. Dattawan garin suka kira ni, na zagaya na nuna musu wuri mai kyau a gangare kusa da wasu gawuna, inda na san ruwa bai wuce gaba goma ba. Suka ce a'a, su a kan tudu suke so, bakin hanya. Na ce tudun nan tsakuwa ce, za a wahala. Sai babbansu ya fito mini fili, ya ce so suke in an zo rabon fanka a ga tasu rijiyar ta dace, kuma in an kafa ta a hango ta daga nesa fiye da ta mutanen Tunga. Na haƙa musu a tudun, gaba ashirin da biyu, ruwan ma bai taka kara ya karya ba. Har na bar sana'a ba a kawo musu fanka ba.

Sai shekarar fari ta zo, wadda kuka sha ji a bakin iyayenku. Damina biyu a jere hadari zai taso daga gabas ya yi baƙi, mu fito muna murna, iska ta ɗauke shi. Gero ya bushe yana tsawon gwiwa. Rijiyoyi suka fara ja da baya. Mutanen da ke ja mini igiya, su uku, duk suka tafi kudu cin rani, na zauna babu aiki alhali ko'ina ana neman mai yasa. Fankar Tunga kuwa iskar farin nan ta samu, tana ta juyi dare da rana, bututu na shan iska yana ƙugi, famfo babu ko ɗigo. Mata suka koma tafiyar rabin yini zuwa fadama.

Abin da zan faɗa yanzu ban cika faɗinsa ba. Wata ranar kasuwar Gwandu ina zaune a rumfar wani maƙeri da ke gyara mini diga, akwai mutanen Tunga a wurin. Wani tsoho cikinsu ya tambaye ni ko abin da ke kaɗa iska haka yana iya kore hadari. Na san amsar sarai. Sai na ce ni dai ba malami ba ne, amma tun da aka sare ɗunyar nan aka kafa ƙarfe ban ga ruwan kirki ba. Ban yi ƙarya ba, amma na san inda maganar za ta je. Kafin mako biyu ta game ƙauyuka cewa fankar Tunga ce ke fifita hadari tana mayar da shi, kuma har Manu mai rijiya ya faɗa. Abin da jiya ake alfahari da shi, yau mutum in ya hango shi daga gona sai ya tofar da yawu. Aka jefi Atta da dutse a hanya, babur ɗinsa ya faɗi, ya goge a kafaɗa. Samarin ƙauyuka uku suka yi shawarar zuwa da igiyoyi da zarto su kayar da ita.

Maigari ya aika aka kira mu duka biyu. Zauren ya cika har waje. Atta na zaune gefe, hannunsa rataye da tsumma, bai dube ni ba. Maigari ya ce an ce na ce, yana so in maimaita a gaban jama'a, don in gaskiya ne gobe ƙarfen nan zai kwanta. Na duba ta ƙofar zaure, ga ta can tana juyi. Kalma ɗaya ta rage in faɗa. Amma na san in ta faɗi rijiyar ba za ta kawo ruwa ba, kuma ranar da aka gane haka ni za a nema.

Na ce, “Ranka shi daɗe, rijiya tara na haƙa tsakanin nan da Kalgo, bakwai sun ƙafe, kuma babu fanka bisa ko ɗaya. Ruwa ne ya yi ƙasa. A buɗe mini ita in bi shi.”

Maigari ya tambayi wa zai riƙe mini igiya tun da mutanena ba sa nan. Ƙarti akwai, amma ja daban, riƙo daban. Atta ya ce shi zai riƙe.

Kwana biyu ya ɗauka yana zare ƙarfe da bututu gaɓa gaɓa. Sannan ya rataya wani ɗan wili a gicciyen ƙafafun fankar daidai saman rijiya, ya bi da igiya ta kansa. Ban so in yaba ba, amma ban taɓa aiki da igiya mai sauƙin wannan ba. Rijiyar ta yi shekaru a rufe, fitila ta mutu tun a gaba goma sha biyu. Yini guda muka yi muna kaɗa ganye kafin ta yarda ta ci a ƙasa. Da zan shiga, Atta ya miƙo mini igiya ta biyu in ɗaura a ƙirji. Na ce ni na daina wannan tun ina saurayi, tana hana ni sara. Ya ce in ban ɗaura ba shi ma ba zai riƙe ba, in je in gaya wa Maigari dalili. Na ɗaura.

Ƙara wa tsohuwar rijiya zurfi ya fi haƙa sabuwa haɗari, wannan ku riƙe. Kana haƙa ƙarƙashin ɗaurin siminti, duk nauyinsa na bisa kanka, in ka kwashe yashin da ya zauna a kai zai biyo ka. Don haka rami na ciki sai ya fi na sama tsukewa, ana sauko maka da ƙananan zobban siminti kana haƙa a cikinsu suna nitsewa da kansu. Wurin ba ya ɗaukar miƙe hannu. A durƙushe nake sara, da guntun dagi, bokiti na wucewa ta gefen kunnena. Kwana tara na yi gaba uku. Duk kwanakin nan ni da Atta ba mu yi wata magana ba sai ta igiya.

Rana ta goma na fasa wata baƙar laka mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Na san warin, na san abin da ya kamata in yi. Amma lakar da danshi, na ji ruwa na kusa, kuma ban so a ce sai da aka fito da ni na huta. Na ce bari in ƙara sara biyar. Na tuna na uku. Abin da na sani bayan nan, ina kwance a kan dakali, ana zuba mini ruwan fadama a fuska, ƙirjina kamar an ɗaure shi da waya. Aka ce mini Atta yana tsaye shiru sai ya ce sara ya tsaya. Ƙartin da ke taya shi suka ce ai Manu bai ja igiya ba, hutawa yake. Bai saurare su ba, ya finciki igiyar ƙirjin shi kaɗai da kafaɗar nan mai ciwo kafin su kama masa. Tafin hannunsa duka biyu sun saɓule.

Da jama'a suka watse ya zo ya zauna kusa da ni, hannayensa naɗe da tsumma. Na fara cewa maganar da aka ce na yi a Gwandu, sai ya tare ni.

Ya ce, “Na san kai ne tun ranar da aka jefe ni. Wa zai faɗi magana a kan ruwa a ƙasar nan a yarda in ba kai ba?”

Na dubi hannayensa. Ya ce in huta kwana biyu, shi zai kaɗa iskar.

Rana ta goma sha huɗu dagi ya huda lakar, ruwa ya feso mini a fuska, sanyi ƙalau. Na ja igiya uku da kaina. Atta ya ƙara gaɓa biyu a bututu, ya canza fatun da ke tsotso ruwa a ƙasan bututun, ya yi shela ya hau ya saki birki. Muna tsaye fankar ta juya, ta juya, bututu ya yi tari, ruwa ya zubo a tanki. Mata suka yi guɗa. Duk wanda ke wurin sama yake kallo. Ƙauyuka biyar suka sha rijiyar nan har ruwan sama ya dawo, shanun da suka rage a yankin a kominta suka rayu, samarin da suka so kayar da ita su ne masu tsaron layi. Bayan wata guda wasu manya suka zo daga birni da mai hoto, aka tsayar da Atta a gindin ƙarfe da sifana a hannu. Ya aika a kira ni, ɗan aiken ya tarar na tafi yasa a Dodoru. Labarin da ya bazu shi ne Injiniya ya gyara fanka, har ya ceci wani mai haƙa da ya suma a ciki. Har yau a Tunga haka ake ba da shi. Kuma ba ƙarya suka yi ba, shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Bayan an ba mu jiharmu da 'yan shekaru, wani haƙorin ƙarfe ya karye a cikin injin da ke kan fankar Tunga. Kamfanin ya daɗe da tashi, aka nema har Kano ba a samu irinsa ba. Maƙera suka gwada, nasu bai yi mako ba. Sauran fankoki biyun ma suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Aka ɗaure wutsiyar ta Tunga, shamuwa ta yi sheƙa a kai, ni aka kira na fasa dakalin aka koma guga. Babur ɗin Atta ya tsufa ya sayar. Wata safiya ina wasa diga a ƙofar gida sai ga shi a ƙafa, ba kaki, ya gaishe ni ya zauna. Muka yi ta zancen gero. Can ya ce ya ji ina neman mai igiya. Na ce ina nema. Ya ce to ga shi.

Shekara takwas muka yi tare, kuma a shekarun nan ban ƙara shiga rami da fargaba ba. Aikinmu na farko wani ƙauye ne bayan Kalgo. Muka isa da hantsi, ni ɗauke da diga da dagi, shi da igiya a kafaɗa. Maigarin wurin yana hango mu ya miƙe, ya wuce ni, ya kama hannun Atta da hannu biyu, ya sa aka shimfiɗa masa buzu. Ya ce ya taɓa ganinsa a saman fankar Tunga shekarun baya, bai taɓa mantawa ba. Sannan ya nuna ni da haɓa.

“Injiniya, wanga shi ne leburan naka?”

Atta ya ce, “A'a, ranka shi daɗe. Maigidana ne. Ni igiya nake riƙe masa.”

Maigarin ya yi dariya har da buga cinya, ya juya ga mutanensa ya ce su dubi tawali'u irin na masu ilimi. Aka kawo wa Atta fura. Ni kuwa na tuɓe riga na rataye a reshe, na ɗauki sandar awo, na tambayi inda suke son ramin.